Yoyon Dif Ɗin Baya

Asabar, bayan la'asar

Dif ɗin baya ya sake yoyo. Na ɗaga motar daga kan teburin tsakar gida na tarar da mai ya jiƙa jaridar da na shimfiɗa mata. Mota ce da ba ta wuce kamu guda ba, da rimot ake tuƙa ta, amma ciwon kan da take ba ni ko tirela ba za ta ba direbanta ba.

Rukayya ta ɗago kai daga keken ɗinkinta ta ce, "Baban Nazira, wai mene ne dif ɗin nan da kake ta zagi?" Shekara da shekaru tana ganin motar nan a gidanta, sai yau ta ga damar tambaya. Na ce mata sunansa diferansiyel, ɗan gwangwani ne cike da ƙananan haƙora da man silikon, shi ke raba ƙarfi tsakanin tayar hagu da ta dama in an zo kwana. In man ya tsiyaye, sai bayan motar ya dinga watsewa a cikin yashi, ba ka iya riƙe ta. Ta ce, "To." Ba motar take kallo ba. Na san abin da take kallo, na sa shi a aljihu.

Lahadin ƙarshen wata za a yi tsere a rairayin Binuwai. Mutanen Marwa za su zo, na Ngaundere ma. Bara ni na zo na biyu.

Robar ce. Zoben robar da Mahamat mai kayan gyara ya aiko daga Kuseri ba na kirki ba ne.

Lahadi, hantsi

Luc ya zo a kan motonsa, wato babur ɗinsa, bayan ya fito daga coci. Ni da shi muka fara wannan wasa tun yana ƙaramin ma'aikaci a ofishin auduga, yanzu har tumbi ya ajiye. Ya juya dif ɗin a hannunsa, ya shafa gefen murfin da yatsa.

"Karim, ba ta wajen robar yake fita ba. Ta bakin murfi ne. Sukurun nan biyu sun fi sauran ɗauruwa. Ba ni sukudireba in daidaita maka."

Na ce masa in yana neman aiki ya je ya gyara tasa motar da ke kuka kamar akuya. Ya yi dariya, ya sha shayi ya tafi. A zaure na ji su suna magana ƙasa-ƙasa shi da Rukayya. Gidana ne, amma an fara yi min raɗa a cikinsa.

Litinin, bayan azahar

Na koma kasuwa. Yaya Lukmanu ya riga ni zuwa teburi, ya kawo cinya biyu daga abatuwa, har ya fara sara. Tsumman asibiti na nan a hannunsa na hagu, ya yi datti. Ban tambaye shi ba, shi ma bai ce komai ba a kan ranar Juma'a. Da na miƙa hannu zan ɗauki wuƙata sai ya matsar da ita can gefensa, kamar ba da gangan ba.

"Abdu, zauna a benci ka dinga ƙunshe wa mutane. Yau akwai cinkoso."

Tun ina ɗan shekara goma sha huɗu nake yanka nama a kasuwar Roumdé Adjia da ke nan Garuwa. Mahaifinmu da kansa ya ce a gaban sarkin fawa na fi Yaya iya fitar da tsoka daga ƙashi. Yau ni ne mai naɗe nama a takardar siminti, ina cewa mata sannu da zuwa.

Na zauna. Na ƙunshe.

Talata, da safe

Shayi ya zube min a riga. Kofunan gidan nan ba su da marika mai kyau.

Laraba, bayan la'asar

Na kwance dif ɗin gaba ɗaya. Na wanke haƙoran da kananzir, na shanya su a kan tsumma, na shafa wa zoben robar giris kafin in zura ƙarfen da ke fita zuwa taya, yadda ake yi. Na zuba mai daidai kan fil ɗin da suka gitta, ban cika ba, na jira kumfar ta tashi. Duk wannan na san shi kamar yunwar cikina.

Da na zo ɗora gaskit ɗin takarda sai ya yage. Na ɗauko wani. Sukuru ɗaya ya faɗi ƙasa, ya shige tsagar siminti. Rukayya ta taso ta zaro shi da maganaɗisun alluranta, ta ajiye min a bakin teburi ta koma. Da ta yi magana da ya fi min sauƙi.

Na kira Mahamat na wanke shi tas. Na ce gaskit ɗinsa kamar takardar ƙosai, robarsa kamar ta silifa. Ya rantse min da Larabcinsa na Cadi cewa irinsu yake sayar wa mutanen Njamena, ba wanda ya taɓa dawo masa da su. Ya ce zai sa min wasu a motar Asabar. Daga ƙarshe ya ce, "Malam Abdulkarim, lafiya dai ko? Muryarka ba haka take ba." Na kashe wayar.

Alhamis, bayan magariba

Mun je inda muka je. Rukayya ta matsa, ta ce in ban je ba za ta kira Nazira a Ngaundere ta faɗa mata komai, yarinya tana tsakiyar jarrabawa.

Likitar mace ce, Arlette sunanta, ba ta girmi Nazira da yawa ba. Ta sa na miƙe hannuwa, ta sa na taɓa hancina, ta sa na yi tafiya zuwa bango na dawo. Ta ba ni biro ta ce in zana da'ira mai naɗewa kamar katantanwa. Ni da nake da jika a hanya ta wajen ɗan Yaya, an zaunar da ni ina zanen katantanwa. Ta daɗe tana kallon zanen. Ta yi wa Rukayya bayani da Faransanci a hankali, ta ambaci Yawunde, ta ambaci wani babban likita da na'urarsa.

Ba inda za ni. Ina da tsere.

Juma'a, bayan masallaci

Ban je kasuwa ba. Ba na son ganin teburin nan ranar Juma'a.

Asabar, la'asar sakaliya

Kayan Mahamat sun iso, na karɓo a tasha. Wannan karon na ɗora sanfefa mai laushi a kan gilashin tsohuwar taga, na goge bakin gwangwanin har ya miƙe sumul, don kada a ce ba a kwance yake ba. Sabuwar roba, sabon gaskit. Sukurun guda huɗu ana ɗaure su ne a gicciye, kaɗan-kaɗan, wannan sannan na kishiyarsa, har su zauna daidai. Na danne gwiwar hannuna a kan teburi, na riƙe wuyan hannun da ɗayan. Aikin da nake gamawa kafin ruwan shayi ya tafasa ya kai ni har kiran magariba.

Amma na gama. Ni na gama.

Lahadi, bayan azahar

Mun je rairayi gwaji ni da Luc. Ruwa ya ja baya sosai, masu wanki sun koma can tsakiya. Batir ɗaya kawai na ƙone. Da na juya motar, yashi ya manne a gindin dif kamar an barbaɗa wa tsire ƙuli.

Luc ya tsuguna ya duba, ya tashi ya kaɗe wandonsa.

"Karim, mun daɗe tare. Bari in faɗa maka wata magana."

"In ta mota ce, faɗi."

Ya ce to, ya tafi ɗauko tasa motar.

Man ne. Silikon ɗin nan ya yi ruwa saboda zafi.

Talata, bayan azahar

Hajiya Talatu mai gidan abinci ta zo teburi. Shekaru nake yanka mata, ba ta yarda kowa ya taɓa namanta sai ni. Ta ce, "Abdulkarim, me kake yi a benci kamar baƙo? Taso ka fitar min da tsokar cinya, Lukmanu yana bar min jijiya."

Na miƙe. Wallahi na miƙe, har na kama ƙotar wuƙa. Yaya ya ɗora hannunsa mai tsumma a kan nawa, a gaban mace, a gaban mahautan layinmu duka.

"Hajiya, yau ni zan yi miki. Abdu yana hutawa."

Na gane kowa ya sani, har mai sayar da kayan ciki na ƙarshen layi ya sunkuyar da kai. Na ce wa Yaya rabin teburin nan nawa ne, gadon ubanmu ne, ba sadaka yake ba ni ba. Ya ce, "Naka ne. Ba wanda ya ce ba naka ba ne." A hankali ya faɗa, kamar mai lallashin mara lafiya. Na cire rigar aiki na jefar a kan naman, na hau moto na dawo gida.

Laraba, da yamma

Na sake kwance shi, na sake ɗaurawa. Ba zan rubuta yadda aka yi ba.

Alhamis, hantsi

Na koma benci. Ina zan je?

Juma'a, bayan la'asar

A bushe yake. Na je rairayi ni kaɗai, na ƙone batir biyu, na yi tsalle da ita a kan tudun da muka tara, na shiga kwana da ƙarfi. Na juya ta na shafa da farin ƙyalle, ko ɗigo babu. Na zauna a kan yashi ina dariya ni kaɗai har wani mai jaki ya tsaya yana kallona.

To, ina masu raɗa? A kai wa likitar katantanwa wannan dif ɗin ta duba. Na saya wa Rukayya kifi a hanya. Ta karɓa ta yi godiya, ba ta haɗa ido da ni ba, ban kula ba a lokacin.

Asabar, bayan azahar

Ina goge motar na ga ƙarfen da ke fita zuwa tayar hagu baƙi ne. Nawa fari ne, ya sha jiki, har ya yi zobe a inda roba take kama shi. Wannan sabo ne fil. Irin baƙin nan Luc ne kaɗai yake da shi a duk Garuwa.

Na kira shi. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Ni ban taɓa motarka ba. Ƙarfen kawai na kawo ranar Alhamis kana kasuwa. Madam ce ta ɗaura, ni ina gaya mata."

Na shiga ɗaki. Tana yanka yadi a ƙasa.

"Wa ya ba ki izinin taɓa min kaya?"

"Ba kowa."

"Kin mai da ni abin dariya. Jiya ina ta murna kamar yaro, kina kallona, kin karɓi kifi."

Ta ajiye almakashi. "Na buɗe shi na tarar gaskit ɗin a naɗe, sukuru ɗaya a karkace. Ranar Laraba ina jin ka ta taga, kana yi kana tsaki, har ka kifa kai a teburi. Me kake so in yi? In ci gaba da ɗinki?"

"Ki ci gaba da ɗinki."

"To. Amma Yaya Lukmanu ɗinki bakwai aka yi masa a hannu sanadin wuƙarka, bai faɗa wa kowa yadda aka yi ba, har matarsa cewa ya yi ƙashi ne ya zame. Kowa yana rufa maka asiri, kai kuma kana zagin mutumin Kuseri."

Na faɗa mata wata magana da ba zan rubuta ba. Ta tattara yadinta ta koma ɗakin Nazira.

Lahadi, da safe

Ba a kawo shayi ba. Ban nema ba.

Litinin, bayan la'asar

Gara in zo na ƙarshe da aikin hannuna da in ci da na wani. Na kwance abin da ta ɗaura. Ko da nake kwancewa na ga yadda ta yi shi: sukurun huɗu sun zauna daidai wa daida, giris ɗin ba yawa ba kaɗan, ko zaren tsumma ɗaya babu a ciki. Wannan ya ƙara min haushi.

Na zo mayarwa. Sukuru na uku ya shiga a karkace, na ji ya shiga a karkace, na ci gaba da murɗawa. Ramin ya cinye. Na ƙara ƙarfi, sukudireba ya kufce, bakin gwangwanin ya tsage har ƙasa. Man ya malalo min a tafin hannu, ya bi ta wuyan riga.

Mahamat ba shi da gwangwanin, sai an yi oda, sai wata mai zuwa.

Talata, bayan azahar

Gwangwanin ne. Robar banza suke yin su da ita yanzu.

Laraba, bayan azahar

Ƙarya nake yi. Gwangwanin bai yi komai ba.

Alhamis, da yamma

Na dawo kasuwa na tarar da ƙulli a kan teburin tsakar gida. Gwangwanin ajiyar Luc ne, sabo, ko buɗe ledar ba a yi ba. Bai kira ni ba, bai bar saƙo ba. Shi kaɗai ke gare shi, in nasa ya fashe ranar Lahadi ya fita daga tseren.

Na zauna ina kallonsa har inuwar katanga ta rufe teburin. Na jera komai a kan tsumma. Na ɗauki gaskit, na ajiye. In na yaga wannan, babu wani.

Juma'a, bayan la'asar

Na tsaya a ƙofar ɗakin Nazira. Keken yana ta gudu, ta san ina tsaye.

"Rukayya."

Ba ta tsaya ba.

"Rukayya, ki zo ki riƙe min wani abu."

Keken ya tsaya. "In riƙe ko in ɗaura?"

Na ji kamar in juya. Na ce, "Ki ɗaura."

Ta wanke hannu ta zo ta zauna a kujerata, ni na tsaya a kanta. Na ce ta shafa giris a robar, ta ce ta sani. Na ce kada man ya wuce kan fil, ta ce ta sani. Da ta zo kan sukuru na ce a gicciye, ta ɗago ta dube ni, na bar ta ta yi aikinta. Wuri ɗaya kawai ta yi kuskure, ta manta washar bayan babban haƙori, na nuna mata. Ta ce, "Ka ga, da ban da kai." Na ce kada ta yi min irin maganar Yaya. Ta ce, "Ba lallashinka nake yi ba, mantawa na yi. Ni har yanzu fushi nake da kai."

Wannan ce magana mafi daɗi da aka faɗa min a watan nan.

Na ba ta haƙuri a kan ta ranar Asabar. Ta ce ta ji, amma ba yau ba.

Lahadi, bayan magariba

An yi tseren. Mutane sun cika bakin rairayi, masu moto sun yi layi a kan gangare suna kallo, wani ya kawo lasifika. Mutanen Marwa sun zo da motoci masu sheƙi. Rukayya ta zo da lulluɓinta ta tsaya nesa, ba ta taɓa zuwa ba sai yau. Yaya ma na hango shi, ya rufe teburi da wuri ke nan.

Rimot ɗin hannun hagu ke riƙe shi yana jan kunamar gudu, na dama ke murɗa sitiyari. Da aka sake mu na fita da kyau, na shiga kwanar farko ina na uku. Bayan motar ya kama ƙasa kamar an liƙa shi, ban taɓa jin ta haka ba. Sai muka fito miƙaƙƙiyar hanya, inda ba abin da ake so sai ka riƙe sitiyari shiru. Motar ta fara rawa, hagu, dama, hagu, dama, a fili, a gaban kowa. Na daki tayar da aka kafa a gefe, motar ta kife. Aka juya min ita. Zagaye na gaba ta sake, a wuri ɗaya.

Wani daga Marwa ya ce da Fillanci a cire wa tsohon nan rimot kafin ya karya wa mutane motoci. Luc yana tsaye kusa da ni yana tuƙa tasa, bai ɗauke ido daga hanya ba ya ce masa ya rufe bakinsa. Ban tsaya ba. Na rage gudu, na bi gefe, na gama duk zagayen. Ni ne na ƙarshe, an daɗe da tafa wa na ɗaya kafin in iso.

Na ɗauko ta na juya ta. Na shafa gindin dif da ƙyalle, na sake shafawa, na duba wajen robar, na duba bakin murfi. Na duba sitiyarin, na duba tayoyin, na duba batir. Ina neman abu ɗaya da zan zaga. Motar ba ta da laifin komai.

Yaya ya zo ya tsaya a gefena. An cire masa tsumman, tabon ya bi tun daga gindin babban yatsa har wuyan hannu. Yau na fara kallonsa sosai. Ya ga ina kallo, bai ɓoye ba.

"Ya warke," in ji shi. "Saura kai."

Litinin, hantsi

Na je wa likitar da kaina, ta rubuta takardar Yawunde. Na gaya mata har yanzu ban yarda da zancen katantanwarta ba. Ta ce ba sai na yarda ba, in dai zan je.

Na kira Nazira. Ta yi kuka, sannan ta yi min faɗa, ta ce za ta tare mu a tashar jirgin ƙasa. Motar na kai wa Luc ya ajiye, na ce kada ya kuskura ya canza min man gaba.

Talata, bayan sallar asuba

Motar Ngaundere za ta tashi da hantsi. Rukayya tana ɗaure kaya, tana tambayata ko na ɗauki katin asibiti, na ce na ɗauka, ta zo ta duba aljihun da kanta. Har yanzu raina a ɓace yake, ban san da wa ba.

Hannuna ne, na dama. Rawa yake yi, tun kafin azumin bara. Ga shi na rubuta, ko da yake da kyar za a iya karantawa.